Ranar da muka aro tukunyar kashe gobara

Makon jiya maƙwabcinmu a layin mangazu ya turo yaronsa da sassafe, wai don Allah mu ara masa tukunyar kashe gobara, zai yi baƙi daga Duwala, kafin magariba zai dawo da ita. Kawuna ya yi murmushi ya ce a ɗauko masa. Ni dariyar ba ta zo min ba, domin shekara biyu da suka wuce mu ma aron muka yi.

Ni ke riƙe da littafin shige da fice a mangazar kawuna a nan Garwa ta Kamaru, inda muke sayen riɗi daga ƙauyuka, a gyara shi, a ɗura a buhu, a loda wa mota zuwa Ngaundere da Duwala. Wata Talata cikin watan Maris, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta laushi, kamfanin da ke sayen kayanmu yana turawa Turai ya bugo waya cewa jibi mai bincike zai zo duba wurin aikinmu. Aka turo takarda shafi huɗu da Faransanci, ni aka miƙa wa.

Ranar Laraba mangaza ta koma gidan biki. Aka share, aka yayyafa ruwa, aka sayo takunkumi kwali biyu da safar hannu. Hular kwano shida muka samo wurin wani magini. Matan da ke mana sheƙa da tankaɗe aka ce gobe kowace ta bar goyonta a gida, 'yan matan da ke taya iyayensu tsince tsakuwa kuma su huta, za a ba su kuɗin yini. Da asubar Alhamis muka aro tukunyar daga wani gidan mai, muka rataye ta daidai inda ido zai fara sauka.

Mutumin ya zo ƙarfe goma, ya yi awa biyu. Ya ɗauki hoton tukunyar. Ya kira mata uku ya tambaye su ko ana biyansu a kan kari, ni ne tafinta, kawu yana tsaye a bayana da carbi. Kowace ta ce alhamdu lillahi. Muka ci jarrabawa. Kafin jirginsa ya tashi tukunya ta koma gidan mai, huluna sun koma wurin magini.

A makon da aka yi binciken nan dai, wani ma'aikacin kamfanin nan, na ɓangaren saye, ya kira ya ce sai mun rage sefa 15 a kowane kilo, kuma kayan su iso kwana goma kafin ranar da muka yi da su.

Matsayina shi ne, ina goyon bayan a riƙa zuwa ana duba yadda muke tafiyar da ma'aikata, da abin da muke shaƙa musu, da abin da muke zubarwa a bayan katanga. Muna buƙatar hakan fiye da yadda muke yarda. Amma binciken da ya zo da takarda kaɗai, babu kuɗin gyara, babu lokaci, babu alkawarin dawowa, ƙarya kawai yake koya mana, kuma mun iya ɗaukar darasi. Wanda ya ce a gyara, ya sa hannu a aljihu tare da mu.

"Ai wannan shisshigin Turawa ne"

Wannan ita ce maganar da na fi ji a majalisa, kuma kawuna na cikin masu yin ta. Wai mutanen da suka gina arzikinsu da gumin kakanninmu ne yau za su koya mana tausayin lebura.

Akwai gaskiya a ciki, ba zan musa ba. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu ya yi yawa a cikinsa. A 2020 da aka gano wani sinadari mai haɗari a riɗin Indiya, kaya iri-iri aka kwashe daga shagunan Turai cikin 'yan makonni. Idan abu ya taɓa cikin mai ci a can, ba a jiran taro. Idan huhun matar da ke tankaɗe a Garwa ne, sai a turo takarda mai shafi huɗu. Kuma takardun ma ba don Allah suka yawaita ba. Faransa ta yi doka a 2017, Jamus ta fara aiki da tata a Janairun 2023, duka suna ɗora wa manyan kamfanoninsu alhakin sanin halin da ake ciki a wuraren da suke sayo kaya. Kamfani na neman abin da zai nuna wa hukumar ƙasarsa, shi ya sa ya tuna da mu.

To amma don niyyar mai faɗa ba ta da kyau, ba shi ke nuna abin da ya faɗa ƙarya ne ba. Ƙurar riɗi tana shiga ƙirji ko Bature ya faɗa ko bai faɗa ba. Kuma duba kaya ba tare da sanarwa ba, ba Turawa suka kawo mana shi ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki ya ji danshi, ya tambaye shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Mun kuma san umarnin a biya ma'aikaci haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe. A mangazu nawa ne 'yan dako ke jiran kuɗinsu sai mota ta kai Duwala an turo ciniki? Guminsu ya bushe, rigar ma an wanke ta.

Rataye tukunyar aro a bakin ƙofa, sa busasshen a sama ne a ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa. Da hannuna na buga ƙusar.

Abin da baƙuwa ta gani

Dalilin da ya sa ban yanke ƙauna da harkar ba shi ne bincike na biyu, wanda wani mai saye daban ya turo bara da hunturu. Mace ce, 'yar ƙasar nan, tana jin Fulatanci da ɗan Hausa. An faɗa mana watan da za ta zo, ba a faɗi rana ba. Ta sauko daga kan babur kamar mai neman sayen mudu biyu.

Bayan gaisuwa ta ce wa kawu, "Alhaji, ka yi haƙuri ka ba ni wuri da matan nan." Ni ma ta sallame ni. Ta cire takalmi ta zauna a kan buhu a tsakiyarsu kusan awa ɗaya, muna hango su ta taga suna ta dariya, ba mu san me ake cewa ba. Kawu ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Da ta zagaya can ƙuryar mangaza, bayan jerin buhunan da aka lulluɓe da tamfol, sai ta ga tabarma a naɗe, da buta, da tocila. Ta tambaya wa ke kwana a nan. Aka ce Baba maigadi, idan sanyi ya yi yawa yakan shigo ciki. Ta tambaya me ke ƙarƙashin tamfol. Aka ce ƙwayar kashe ƙwari ce, Phostoxin, wadda kowane mai ajiyar hatsi ya sani. Ƙwayar nan da ta ji danshin iska take fitar da gas mai guba, shi ke kashe ƙwarin, kuma a rufaffen ɗaki yana kashe mutum. Ta kira dattijon ta tambaye shi lafiyarsa. Ya ce, "'Yata, ciwon kai nake tashi da shi da tashin zuciya, na ɗauka tsufa ne."

Shekara nawa ina wuce tabarmar nan kullum da safe? Idona ya saba da ita har na daina ganinta. Kawu ba mugu ba ne, shi ya yi wa 'yar dattijon nan kayan ɗaki. Sabo ne ya rufe mana ido gaba ɗayanmu.

Ba ta kayar da mu ba, ba ta kuma ce mun ci ba. Ta zauna da kawu suka rubuta abubuwa biyar da lokacin da za a gama kowanne. Aka gina wa maigadi ɗan ɗaki a waje, mai sayen ya ɗauki rabin kuɗin. A nan ne muka sayi tukunyar kashe gobara tamu ta kanmu. Bayan wata uku ta dawo, ba sanarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da matan suka faɗa mata, domin ko ɗaya babu shi a takarda mai shafi huɗu. Sun ce takunkumin nan na takarda ba ya sawuwa idan zafi ya haura digiri 40, minti goma ya jiƙe ya manne a hanci, gara mayafinsu. Abin da suke so shi ne a kafa musu rumfa a waje ta inda iska za ta riƙa kwashe ƙurar, a kawo randar ruwa kusa, a yi musu makewayi nasu daban, domin wasu sukan ƙi shan ruwa tun safe don kada su buƙaci zagawa a gaban 'yan dako. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuɗin rumfar bai kai na kwalayen takunkumin da muke saye muna jibgewa ba.

Takardar shaida ba ta kashe wuta

Wani zai ce ai irin bincike na farko ma ya fi babu, ko ba komai an share wuri. Ban yarda ba. A ganina wani lokaci ya fi babu sharri, domin yana ba kowa damar yin barci.

A Satumbar 2012 wuta ta tashi a wata masana'antar ɗinka tufafi mai suna Ali Enterprises a Karachi ta Pakistan, mutum fiye da 250 suka mutu, da yawa saboda tagogi na da ƙarfe kuma hanyoyin fita a toshe. Makonni kaɗan kafin nan aka ba masana'antar takardar shaidar cewa ta cika ƙa'idojin kula da ma'aikata. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash, mutum 1,134 suka rasu, alhali an taɓa binciken wasu daga cikin masana'antun da ke ciki. Tun ana gobe aka ga bango ya tsage, aka tilasta wa ma'aikata komawa.

Abin da ya biyo baya ne ya fi dacewa mu lura da shi. Kamfanonin tufafi fiye da 200 suka sa hannu a wata yarjejeniya da ƙungiyoyin ƙwadago wadda za a iya kai wanda ya karya ta gaban shari'a. Injiniyoyi ne ke duba gini da wayoyin lantarki, ana wallafa sakamakon kowa ya gani, ma'aikaci na da hanyar kai ƙara da 'yancin ƙin shiga wurin da yake ganin haɗari, kuma an ɗora wa masu saye su tabbatar mai masana'anta na da halin yin gyaran. Wato sai da aka haɗa dubawa da kuɗi da muryar ma'aikaci sannan abin ya fara aiki. Sai da aka binne mutum dubu kafin a gane haka.

Maganar kuɗi

Ƙananan 'yan kasuwa na cewa wannan harka za ta kashe su, manya kaɗai za su rage. Wannan ƙorafin shi na fi ɗauka da muhimmanci, don na ga lissafin da idona.

A 2023 gwamnatin Kamaru ta mayar da mafi ƙarancin albashi sefa 45,000 a wata ga ma'aikatan harkar noma, 60,000 ga sauran sassa masu zaman kansu. Takardar bincike za ta tambaye ka ko kana biyan haka, ko ka yi wa ma'aikata rajista a CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, ko ana wuce awannin aiki. Tambayoyi ne na gaskiya. Amma kamfanin da ya rage maka sefa 15 a kilo, ya kuma matso da ranar lodi da kwana goma, ya san sarai inda za ka samo su. Ba daga kuɗin mota ba, ba daga shingayen hanya ba, waɗannan ba sa ragi. Daga hannun matar da ke tankaɗe ne, da manomin da ba shi da wani mai saye, da daren da 'yan dako za su raba suna lodi da tocila. Ɓangaren saye na kamfani ya haifar da laifin, ɓangaren bincike ya zo ya rubuta shi da sunanka.

Shi ya sa nake cewa a binciki mai saye shi ma. A tambaye shi sau nawa ya canza farashi bayan an gama magana, kwana nawa yake riƙe kuɗin mutane, ko ya taɓa yi wa wani alkawarin saye na shekara biyu ko uku. Ba wanda zai zuba siminti a daɓen mangaza don mai sayen da ba shi da tabbas zai dawo baɗi.

A harkar auduga akwai abin koyi, duk da nata matsalolin. Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru da aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa ke nan Garwa, yana da ma'aikata da ke zagaya ƙauyuka duk tsawon damina, ana ba manoma iri da taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, kuma manomi yakan san farashi tun kafin ya kai ga tsinka. Akwai kuma tsarin Cotton made in Africa, na wata gidauniya da aka kafa a Hambug ta Jamus a 2005, wanda Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashen da yake aiki. Kamfanonin tufafi na biyan kuɗi don su liƙa tambarin, ana mayar da kuɗin wajen horar da manoma, sannan masu bincike na waje su duba gonaki da injinan gurza. Ko ba komai, mai cewa a gyara yana nan kusa, kuma ya kawo wani abu a hannu.

Duk da haka ka shiga kasuwar ƙauye ka ga robar maganin feshi an ɗauraye ta ana zuba man gyaɗa ko ruwan sha na tafiya gona. Wannan babu mai binciken da zai kama shi a ziyarar yini ɗaya.

Yara

A nan ne aka fi tayar da jijiyar wuya. Mutanenmu na cewa duk mun tashi muna taya iyayenmu aiki, kuma ba mu lalace ba. Haka ne. Yaron da ya bi babansa gona ranar da ba makaranta yana koyon rayuwa ne, kuma ban ga dokar da ta hana haka ba. Dokar ƙwadagon Kamaru ta 1992 shekara 14 ta sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki, yarjejeniyar duniya ta 1999 kuma mafi munin ayyuka ta haramta, irin waɗanda ke cutar da lafiyar yaro.

Amma mu daina fakewa da tarbiyya. Ɗan shekara goma sha biyu da aka goya wa tankin feshi ba tarbiyya ake ba shi ba. Jaririn da ke bayan uwarsa daga safe zuwa la'asar cikin ƙurar riɗi ba sana'a yake koya ba.

Inda nake ganin laifin masu bincike shi ne suna tsayawa a "kada mu ga yaro". To mun ji, ba za ku gani ba. Matar da aka ce kada ta zo da goyo, wa za ta bar wa? Ko dai ta daina zuwa, gidan ya rasa kuɗin cefane, ko ta hana babbar 'yarta zuwa makaranta ta zauna raino. A takarda an gyara, a gida an ƙara ɓatawa. Mu abin da muka yi bayan zuwan matar nan mai bincike shi ne inuwa aka keɓe nesa da ƙura, wata tsohuwa daga cikinsu take zama da yaran, ana biyanta kamar sauran. Shawarar matan ce, ba tamu ba.

Ina hukuma?

Wasu na cewa wannan duk aikin gwamnati ne, don me kamfani zai zama ɗan sanda. Gaskiya ne, akwai sufetocin ƙwadago, kuma da suna zagayawa yadda ya kamata da ba mu jira baƙo daga Duwala ya nuna mana tabarmar maigadi ba. Gwamnati na da haƙoran da kamfani ba shi da su idan ta ga dama. A Agustan 2013 Chadi ta dakatar da aikin kamfanin man China, CNPC, saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka a kudancin Injamena, daga baya aka daidaita a kan dala miliyan 400. Sai dai wancan man fetur ne. Mangazar riɗi a bayan tashar mota ba ta da wannan farin jinin.

Kuma kada mu manta, mai bincike na kamfani kayan da ke tafiya waje kaɗai yake bi. Majemin da ke zuba ruwan jima a kwata a Marwa, da mai injin niƙan da bel ɗinsa ke buɗe yana jiran hannun yaro, da mai fasa dutse a hanyar Figil, ba mai turo musu takarda. Idan tsoron Bature ne kaɗai zai sa mu gyara, to mafi yawan leburorin ƙasar nan ba su da rabo.

Da na yi wa kawu maganar aron da ya bayar, ya ce, "Kai yaro, mutumin nan yana da mata biyu da 'ya'ya tara, in ya faɗi jarrabawa wa zai ciyar da su? Kamfanin ba zai gina masa komai ba, wani zai koma wa." Na rasa amsar da zan ba shi, domin na san mai sayen, na kuma san haka zai yi.

An dawo da tukunyar kafin magariba kamar yadda aka yi alkawari, da ledar goro na godiya. Da zan mayar da ita kan ƙusa na duba takardar da ke jikinta, na ga wa'adin sake cika ta ya wuce da wata biyu. Na tambayi 'yan dakon da ke zaune a wurin ko akwai wanda ya san yadda ake buɗe ta. Ɗaya ya ce ya taɓa gani a waya.